Geron da ke Akwatin Likkafani

Iya ta rasu da bazara, ana jiran ruwan farko. Abu ɗaya ta ce ta bar min a duniya, irin gero, ni kuma ban je na karɓa ba sai da lokaci ya ƙure. Shekara huɗu ke nan, har yau in na ji ƙarar taɓarya da hantsi sai gabana ya faɗi.

Ba kakata ba ce, ko da yake na girma ina zaton ita ce. Buzuwa ce daga ƙasar Nijar, can arewa da Damagaram, inda gonaki ke ƙarewa rairayi ya fara. Ta zo ƙauyenmu, a gefen Badafi ta ƙasar Kiru, tun mahaifiyata tana amarya. Fari ne ya koro su, ita da mijinta. Suka yi ta gangarowa kudu har suka ji ana ɗaukar leburori a wajen aikin madatsar ruwa ta Tiga, mijin ya yi ɗaukar dutse a can har aikin ya ƙare. Da aka sallami mutane, kakana, wanda ya san shi a wurin, ya ce su zo ga ɗaki a bayan gidanmu, su zauna kafin damina ta gyaru a ƙasarsu. Damina ta gyaru, ta ɓaci, ta sake gyaruwa. Mijin ya rasu, kakana ya rasu, rufin ɗakin ya tashi daga ciyawa ya koma kwano, Iya tana nan. Sau ɗaya wani falke mai kanwa ya kawo mata labarin garinsu, ya ce rijiyar ta ƙafe, babu kowa. Daga ranar ba ta ƙara tambayar kowa hanya ba.

Doguwa ce, siririya, ba ta rabuwa da baƙin zane. Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba, muna yara mukan kwaikwaye ta a bayan idonta, ita kuma tana kiranmu 'ya'yan ɓarna. Ruwa ne abin faɗanta. In ta ga an wanke shinkafa an watsar da ruwan a tsakar gida, sai ta yi tsaki har a ji ta a zaure. Da rabin buta take alwala, sauran ta zuba wa akuya. Ba ta haihu ba a garinmu, amma babu gidan da ba a aika mata tuwo, babu bikin da ba a ajiye mata wuri. Duk da haka in za a kwatanta gidanmu sai a ce gidan da Buzuwa take. Shekara arba'in da ɗoriya ba su sauya wannan ba, ita ma ban taɓa jin ta nemi a sauya ba.

A bayan ɗakinta akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, ta kewaye shi da kara. Nan take shuka geronta, wanda take kira hatsi. Mu ƙasarmu ta dawa ce da masara da maiwa, ruwa yana mana yawa, maza suna dariyar gonar Iya. Geron gajere ne, zangarniyarsa siririya, amma kafin namu ya yi ciki nata ya fid da kai. Kuma yana da gashi, dogon gashi mai tsini a duk jikin zangarniyar, tsuntsu ba ya iya sauka a kai. In ka shafa sai ya soke ka, ƙaiƙayinsa ya wuni a hannunka. Mahaifina ya taɓa roƙon irin, ta ba shi, ya shuka a tsakiyar namu, bayan damina biyu ya ɓace a cikin sauran. Ba ta ƙara ba kowa ba. Ta ce, “Ku komai sai kun cakuɗa.”

In ya nuna, da kanta take yanka. Ta fara zaɓar zangarniyun da suka fi ido, ta ɗaure ɗan dami, ta rataye a saman ɗakinta daidai inda hayaƙi ke bugawa. Wannan shi ne irin baɗi, kowa ya san shi, babu mai taɓawa. Sauran kuwa kunun jego take yi da shi. Duk matar da ta haihu a unguwarmu, washegari za a ga Iya da ƙwarya a hannu. Har rugar Fulanin da ke bayan gari takan kai, ta dawo da ƙaya a ƙafa. Umma, mahaifiyata, ta sha a haihuwata, ni ma na sha da na zo wankan gida a haihuwar fari. Ita dai ba ta taɓa kai shi bakinta ba, ko ɗanɗanon gishiri. Mun ɗauka wani alkawari ne na sadaka, ko wata al'ada ta Buzaye. Babu wanda ya tambaya, domin a garinmu ba a tonon abin da baƙo ya baro.

Ban san dalilin da ya sa ta zaɓe ni ba. Ni ce mai faɗa a gidanmu, har yanzu ma ban daina ba, ɗalibaina shaida ne. Wataƙila abin da ya sa ke nan. Ta taɓa ce min mai baki ba ya bari akuya ta shiga masa shuka. Na yi aure a Tudun Wada, ina koyarwa a firamare, ƙauye sai da Sallah ko in an yi rasuwa. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, in ka fita da safe za ka ci abincin rana a can. Na faɗi wannan ne don kada wani ya nema min uzuri.

Daminarta ta ƙarshe a zaune ta yi shuka, tana jan jiki daga rami zuwa rami. Abin da ta samu kaɗan ne. A shekarar babu mai jegon da ta sha kunun Iya, duka ta ɗaure ta rataye.

Ƙaramar Sallah ta faɗo da bazara. Na je yawon Sallah da mijina da yara, na shiga gaishe ta da la'asar, na durƙusa a bakin gadonta na kara. Ta ƙara bushewa, idonta ya yi fari-fari, amma ta gane muryata. Muka gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na yunƙura zan tashi, ta riƙe min hannu.

“Zauna, ɗiyata. Kin san mi ya sa ba ni cin hatsin nan?”

Na ce, “A'a, Iya.”

Ta ƙara damƙe hannuna. Sannan ta fara, a hankali, tana kallon bango. Ta ce ranar da za su bar gari uwarta ta ƙulle mata tafi biyu na iri a bakin zane. Ta ce mata kada ta ci, duk inda ta samu ƙasa mai laima ta shuka, in ruwa ya dawo ta komo da shi gida. Iya ta ce a lokacin tana da ɗa namiji a goye, bai kai yaye ba. Ban taɓa jin Iya ta haihu ba sai ranar. A hanya nononta ya ƙafe, yaron ya yi kuka kwana da kwanaki, daga baya ya daina. Sun binne shi kafin su ƙetare iyaka.

“Hatsin yana ƙuguna,” in ji ta. “Da na tauna na ba shi, da zai kai? Ban sani ba, ɗiyata. Tafi biyu ne. Wata rana in ce da bai kai ba, wata rana in ce da ya kai. Ubanshi har ya mutu bai san ina ɗauke da shi a hanya ba, ce mishi na yi a kasuwa na samu.”

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Sai a lokacin na gane ƙwaryar kunun da take bin masu jego da ita gida gida. Ta bari na share hawaye, sannan ta nuna sama da haɓa.

“Sauke shi ki tafi da shi. Bana ba ni iya shuka. Ki samu wuri shi kaɗai, kada ki cakuɗa.”

Na ɗaga kai na dubi damin. Ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, gashin ya yi cirko-cirko, yanar gizo ta naɗe igiyar. Na dubi jikina, sabuwar atamfa ce da farin mayafi. A waje mijina yana danna oda, motar cike da yara. Na ce, “Iya, ƙaiƙayi zai dami yara a mota, ga shi ba ni da abin sakawa. Bari in dawo da buhu sati mai zuwa.”

Na daɗe ina gaya wa kaina tsoro ne ya hana ni, wai in na sauke damin kamar na yarda ta gama ke nan. Akwai wannan, ba ƙarya ba ne. Amma kada in yi wa kaina kwalliya, farin mayafin ma yana ciki.

Ta saki hannuna ta ce, “To, ɗiyata. Allah ya kiyaye hanya.”

Sati mai zuwa ya zo ya wuce. Umma ta kira ni a waya, bayan mun gama wata magana ta ce, “Af, Iya ta ce ki zo ki ɗauki kayanki.” Ta tambaye ni wane kaya, na ce wani abu ne tsakaninmu. Na ce Asabar. Asabar ƙaramin ɗana ya tashi da zazzaɓi. Aka sake aikowa, muna tsakiyar gwajin ɗalibai, na sake cewa Asabar. Ranar Laraba ina gaban allo da alli a hannu waya ta yi ƙara. Iya ta yi sallar asuba a zaune, ta kwanta, ba ta tashi ba.

Kafin in samu izini in samu mota, an kai ta. Na iso bayan azahar na tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta. Ban taɓa ganin jama'a haka a jana'izar mace a garinmu ba. Fulani sun zo da sandunansu, malaman unguwa duka sun fito, har da wasu tsofaffi daga Tiga da suka san mijinta. Na ga magidanta masu furfura a gemu, waɗanda iyayensu suka sha kununta suka shayar da su. Matar da ba ta da ɗa ko jika a ƙasar nan, an ce sahu ya kai har bakin hanya.

Na shiga ɗakinta. Gadon kara, buta, tasbaha a kan tabarma, da akwatin ƙarfen da take ajiye likkafaninta, a buɗe, babu komai a ciki. Tsofaffinmu haka suke yi, tun da sauran ƙarfinsu su sayi farin yadi su ajiye, wata har da turare da sabulu, don kada a wahalar da kowa. Na ɗaga kai sama, igiya ce kawai take lilo. Na ce a raina Umma ce ta sauke ta adana. Na so in tambaya, kunya ta hana ni. Mace ta rasu da safe, da yamma a ji ni ina cigiyar kayanta kamar mai jiran gado? Na ce bari a yi sadakar uku tukuna.

Ranar uku da hantsi mata suka cika tsakar gida ana dakan gumbar sadaka. An surfe geron tun jiya, an wanke, an jiƙa. Turmi biyu aka kafa. Ni 'yar gida ce, ba zan zauna ina kallo ba, na ɗaura zane na karɓi taɓarya. Na yi daka har na yi gumi. Aka zuba sukari, aka dunƙula, aka fitar wa maza a ƙofar gida inda liman yake addu'a, aka raba wa yara, aka ɗiba wa matan ruga. Wata gwaggona ta miƙo min dunƙule ɗaya, na gutsura na kai baki.

Ƙaurin hayaƙi na ji, can ƙasa da zaƙin sukari. Na daina tauna.

Na ce, “Umma, wannan geron daga ina?”

Ta juyo, idonta jajir don kuka, amma fuskarta da ɗan haske, irin na wanda ya sauke nauyi. Ta ce, “Ai na Iya ne. Baiwar Allah, har gumbarta ta tanada. Da muka buɗe akwati za mu ɗauki likkafani, ga shi nan a ƙulle a tsumma a gefensa, kwano guda cif. Muka ƙara uku na kasuwa don ya isa.”

Ban san lokacin da na miƙe ba. A gaban matan gari, a gidan makoki, na ɗaga wa mahaifiyata murya. Na ce iri ne, iri ne kuka daka, shi ke nan wanda ya rage a duniya. Na ce ku matan manoma ne, ba ku san iri ba in kun gani? Wata ta tsaya da faifai a hannu.

Umma ba ta mayar min da faɗa ba. Ta dube ni ta ce, “Iri a zangarniya yake, a rataye. Wannan a sussuke muka same shi, kusa da likkafani. Washegarin tafiyarki ta sa aka sauke mata damin. Kwana huɗu tana murza shi da hannu, ɗaya bayan ɗaya, gashin ya farfasa mata tafi, ta ƙi a taya ta. Ta hure ƙaiƙayin tas. Muka ce Iya ta ji a jikinta, tana shirin sadakarta.” Sannan ta ce, “Shi ne kayan naki?”

Na ce, “Shi ne.”

“Sau nawa ta aika a kira ki?”

Na gane komai a tsaye a wurin. Na ce mata ƙaiƙayi, ta cire min ƙaiƙayi. Na ce ba ni da abin sakawa, ta ƙulle min a tsumma, daidai abin da zai shiga jakar hannu ba tare da ya taɓa mayafi ba. Akwatin kuwa shi kaɗai ne wurin da ɓera ba ya shiga a ɗakin. Matan ba su yi laifi ba, abin da duk mai hankali zai fahimta suka fahimta, tun da sun san geron Iya na sadaka ne. Ni ce na mayar da iri ya yi kama da abinci, kuma da hannuna na daka shi. Gutsuren yana bakina har lokacin, ban iya tofarwa ba, na haɗiye.

Umma ce ta fara motsawa. Ta shiga ɗaki ta fito da tsintsiya, ta kori kajin da ke gindin turmi, ta durƙusa inda aka yi surfe jiya ta fara shara a hankali. Na durƙusa kusa da ita. Gwaggona ta kawo faifai, wasu mata biyu suka zo suna tsinta da yatsa. In ana surfe ƙwaya takan yi tsalle ta fita daga turmi kafin taɓarya ta same ta, ita muke nema. Kaji sun riga mu ga mafi yawa. Abin da muka tara bai cika cokali biyu ba, ƙasa da ruwan surfe sun mayar da shi kala ɗaya. Babu mai iya cewa wannan na Iya ne, wannan na kasuwa.

Da yamma na nemi gafarar Umma. Na ba ta labarin yaron, domin na ga ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba. Ta daɗe tana salati. Ta ce shekara arba'in suna gida ɗaya, ta sha kunun matar nan sau bakwai, ba ta taɓa tambayarta ko ta taɓa goyo ba.

Ruwa ya sauka bayan sati uku. Wannan karon ban jira Asabar ba. Muka gyara dangar gonar Iya, Umma ta ɗauki sungumin Iya da kanta, tana sara ina jefa ƙwaya ɗaya ɗaya a rami, abin da ban taɓa ganin an yi wa gero ba. Tara suka tsiro. Duk sati ina hanya, har abokan aikina suka fara tsokanata wai na koma noma. Ya yi ciki, ya fid da kai a makare, tare da na kowa. Tun daga nan na fara zargin ba na Iya ba ne. Da zangarniyun suka gama fitowa muka shiga ni da Umma muka bi su da hannu, dukansu sumul. Kafin su nuna tsuntsaye sun cinye rabi.

Wani ƙanin mahaifina, tsohon manomi, ya ce kada mu karaya, wani lokaci gashi yakan ɓuya a jikin iri, sai bayan damina biyu ko uku ya fito. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko tausayinmu ya ji. Na dai zaɓi zangarniyun da suka fi ido na ɗaure, na rataye a igiyar Iya. Ɗakin yanzu na ajiyar kaya ne, amma Umma takan shiga ta hura ɗan wuta don hayaƙi ya buga.

Wani lokaci nakan lallashi kaina da cewa geron ya tafi inda ya saba tafiya, cikin mutanen garin nan, kuma ita ba ta ci ba har ta koma ga Allah. Lallashin ba ya daɗewa. Ta riƙe shi a hanyar da ta ci mata ɗa, ta riƙe shi damina arba'in da wani abu a ƙasar da ba tata ba, ni aka ce in riƙe shi tafiyar rabin wuni. Ina jin kunyarta, kuma ina kewarta, har tsakinta nake kewa in na ga yarana suna wasa da ruwa.

Damina huɗu ke nan muna shukawa. Bana ma da ya fid da kai na je, na shiga cikin dangar, na naɗe hannun riga. Kara ashirin da uku ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina damƙe zangarniya ina ja daga ƙasa zuwa sama, Umma tana tsaye a bakin danga tana kallon fuskata. Babu wadda ta soke ni.